Gidan da Ƙusar Itace Ke Riƙe da Shi: Yadda Ake Harhaɗa Gidan Gona na Katako Irin na Kudancin Ingila

A kudu maso gabashin Ingila, tsakanin Kent da Sussex, akwai yankin da ake kira Weald, ƙasa mai laka da dazuzzukan itacen oak. Daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa na 16, manoman yankin masu abin hannu sun riƙa gina wani irin gida da ya ɗauki sunan wurin, wato gidan Wealden. Da yawa suna nan tsaye, ana kwana a cikinsu har yau. Wanda ya fi sauƙin dubawa shi ne Bayleaf, gidan gona daga Chiddingstone a Kent, wanda aka gano an sare itatuwan ɓangarensa na farko tsakanin 1405 da 1430. Da za a yi madatsar ruwa ta Bough Beech, sai aka kwance gidan katako bayan katako a ƙarshen shekarun 1960, aka kai shi gidan tarihi na Weald and Downland da ke Singleton, aka sake tayar da shi a 1972.

Gidan da za a iya kwancewa a ɗauka a mayar, tsarinsa ya saɓa da wanda muka saba. A ginin tubali, bango ne ke ɗauke da azara da rufi, in bango ya tafi komai ya tafi. A nan kuwa ƙwarangwal na katako ne ke ɗauke da dukan nauyin, bango ciko ne kawai da ke tare iska da ruwa. Saboda haka duk ƙwarewar tana cikin mahaɗa, wato wuraren da katako ya shiga cikin ɗan'uwansa. Ga yadda aikin ke tafiya, daga daji har zuwa rufi.

Fara sanin fasalin gidan

Kafin a taɓa gatari, kafinta da mai gida sukan daidaita kan yawan sassa. Sashe shi ne tazarar da ke tsakanin ginshiƙai biyu da biyun da ke gabansu, kuma da shi ake auna girman gida. Gidan Wealden na sosai yakan kai sassa huɗu a jere ƙarƙashin rufi ɗaya.

Biyu na tsakiya su ne babban falo, wanda ba shi da bene, daga daɓe sai rufi. A tsakiyarsa murhu yake, a nan ake cin abinci, a nan ake karɓar baƙi. A gefe ɗaya na falon akwai lungun wucewa, ƙofar gaba na kallon ta baya. Bayan lungun akwai ƙananan ɗakuna biyu, ɗaya na ajiyar abin sha, ɗaya na burodi da kayan abinci. Can ɗaya ƙarshen kuma ɗakin mai gida ne da iyalinsa, da bene a samansa. A Bayleaf har da ɗan makewayi da aka maƙala a jikin wannan benen, yana leƙowa waje.

Abin da ake gane gidan da shi tun daga nesa shi ne fuskarsa. Benayen gefe biyu sun turo gaba sun wuce bangon ƙasa, falon tsakiya kuma ya noƙe ciki. Amma bakin rufin bai noƙe tare da shi ba: katako ɗaya ne ya ratsa daga wannan bene zuwa wancan, ya bi ta gaban falon a sarari, da lanƙwasassun tokara biyu suna tallafe da shi.

Zaɓen itace da sara

Oak ake nema, kuma ɗanye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan sana'a maganar haka take kai tsaye. Ɗanyen oak gatari na shiga cikinsa cikin sauƙi, amma in ya bushe sai ya yi taurin da zai dakusar da kaifi nan da nan. Ga shi kuma yana da jinkirin bushewa, don masu aikin sukan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri. Babu mai jiran ginshiƙi mai kaurin inci goma ya bushe, shi ya sa ake aiki da itacen a cikin shekarar da aka sare shi ko wadda ke biye. Akan sare shi da hunturu, ko a farkon bazararsu idan ana son ɓawon, domin majema na sayensa.

Ƙa'idar zaɓe ita ce a ɗauki itace mafi ƙanƙanta da zai iya aikin. Ba a kayar da ƙaton itace don a yanka shi gunduwa-gunduwa, yawanci kowane babban katako da bishiyarsa. Masanin tarihin dazuzzuka Oliver Rackham ya ƙirga katakon wani gidan gona mai suna Grundle House a Suffolk, ya samu an yi shi da itatuwa kusan 330, akasarinsu ƙanana. Itacen da ya tashi a lanƙwashe ma ba a yar da shi. Akan tsaga shi biyu a tsaye, a samu tokara biyu masu lanƙwasa iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu.

Mayar da gungume mai kusurwa huɗu

Ana ɗora gungumen a kan wasu guntaye, a ƙafe shi kada ya mirgina. Sai a shafa wa igiya alli ko gawayi, a miƙe ta a tsawonsa, a ɗaga tsakiyarta a saki, ta bar layi miƙaƙƙe. Masassaƙi ya hau kan gungumen ya riƙa saran gurbi-gurbi da gatari har zuwa layin, kamar taku ɗaya tsakanin kowane biyu. Daga nan ya ɓamɓare abin da ke tsakani, ya gyara fuskar da gatari mai faɗin baki. Haka zai yi wa fuska huɗu. Wanda za a raba biyu ko a fitar da falanki, zarto mai tsawo ake sa masa, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Akwai abu biyu da ake lura da su. Na farko, farin gefen itacen da ke ƙarƙashin ɓawo shi ƙwari ke fara ci, saboda haka ake rage shi iyakar iyawa, a bar zuciyar. Na biyu, manyan ginshiƙai kifa su ake yi, gindin bishiyar ya koma sama. Kumburin gindin nan shi ke ba ginshiƙi kai mai faɗi, kuma za ka ga amfaninsa nan gaba.

Shimfiɗawa da sa alama

Ba a filin gini ake yanka mahaɗa ba. A filin kafinta ake shimfiɗa kowane bango a kwance, a jera katakon ɗaya bisa ɗaya daidai yadda za su zauna, a daidaita su da ƴan guntaye har su kwanta sak. Tun da katakon da aka sassaƙa da hannu ba ya taɓa zama miƙaƙƙe ɗari bisa ɗari, ba a dogara da awo kawai. Kafinta yakan sako igiya mai dalma a daidai inda katako biyu suka gicciye, ya kwafi karkacewar na ƙasa ya zana ta a jikin na sama. Da haka kafaɗar kowane katako za ta kwanta lif a jikin abokinta.

Sakamakon haka shi ne babu katakon da zai shiga gurbin wani. Dole a sa wa kowace mahaɗa lamba, kuma lambobin Romawa ake tsagawa da kurfi ko wuƙa, domin layuka ne miƙaƙƙu masu sauƙin yankawa. Akan ƙara ɗan wutsiya ko da'ira a raba bangon gaba da na baya. Ana sa lambar a fuskar da aka fi gyarawa. A bangon waje wannan fuska waje take kallo, a cikin falo kuma tana kallon inda mai gida ke zama.

Mahaɗa huɗu da gidan ya dogara da su

Ta farko ita ce harshe da rami. A sassaƙe ƙarshen katako ɗaya ya zama harshe, a huda ɗayan da abin huda, a gyara ramin da kurfi da guduma ta katako. Abin da ke ɗaure su ƙusar itace ce, wadda ake tsagowa daga oak mai miƙaƙƙen jiki, a fiƙe bakinta. Tsagawa ake yi ba yankawa da zarto ba, don jijiyar itacen ta tafi a tsawonta ba tare da yankewa ba. Ƙusar ƙarfe ba ta da wuri a manyan mahaɗa: tana da tsada a lokacin, sannan sinadarin da ke cikin oak, wanda majema ke nema a ɓawonsa, yana cin ƙarfe.

Sirrin yana wurin huda. A fara huda katakon mai rami, a zura harshen, a yi masa alama ta cikin hujin, a zare shi. Sai a huda harshen, amma a goce daga alamar kamar milimita 3 zuwa wajen kafaɗa. In aka mayar, hujin biyu ba za su yi daidai ba, in ka leƙa za ka ga ɗan bakin harshen ya tare wani ɓangare na hanyar. Da aka buga ƙusar, sai fiƙaƙƙen bakinta ya kutsa, ta ɗan lanƙwashe a ciki, ta jawo katakon biyu su manne. Kafinta na jin haka a kunnensa, don ƙarar gudumar takan sauya daga ƙwas-ƙwas zuwa dim idan mahaɗa ta rufe. Wannan jan shi ke riƙe da mahaɗar bayan itacen ya bushe ya tsuke.

Ta biyu ita ce mahaɗar ƙari. Da wuya a samu katako ɗaya da zai kai tsawon gida, saboda haka ake haɗa katako biyu baki da baki, a yanka kowane a karkace ko hawa-hawa, su hau juna, a buga musu ƙusoshi. Akan ajiye ta kusa da ginshiƙi, ba a tsakiyar sarari ba.

Ta uku ita ce ta kan ginshiƙi, inda katako uku ke haɗuwa. Ginshiƙi na tsaye, katakon kan bango ya kwanta a kansa yana bin tsawon gida, katakon ɗauri kuma ya ratso faɗin gida ya hau kansu. A nan kumburarren kan ginshiƙin ke aiki: yana da harshe biyu, ɗaya ya shiga katakon kan bango, ɗaya ya wuce ta gefensa ya shiga katakon ɗauri. A ƙarƙashin katakon ɗaurin kuma akwai yanka mai faɗin baki da ƙuntataccen wuya, wadda ke faɗawa cikin gurbinta a katakon kan bango. Nauyin rufi kullum yana tura bango waje, wannan yankar ce ke hana gidan buɗewa.

Ta huɗu ita ce ta tokara, katakon da ake sawa a karkace tsakanin ginshiƙi da na kwance. Ƙwarangwal mai kusurwa huɗu zalla iska na iya karkatar da shi, tokara ce ke hana shi rangaji.

Ranar tayarwa

A filin gini, abu na farko shi ne ɗan gajeren dakali na dutse da zai raba katako da ƙasa. A kansa ake kwantar da katakon tushe zagaye da gida. Sai amalanke ya kawo kayan, a ware su bisa lambobinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ranar nan ana bukatar ƙarti, da igiyoyi, da sanduna masu ƙafa biyu na ɗaga nauyi.

Akwai jerin da ba a tsallakewa, domin kowane katako yana kulle wanda ya gabace shi. A tsayar da ginshiƙai a ramukansu na tushe, a zura katakon da ke kwance tsakanin ginshiƙan da tokara tun ana iya ɗan buɗa ginshiƙan, sashe bayan sashe. A wannan mataki ba a buga ƙusa ta dindindin, sai ta wucin gadi da za a iya zarewa. Katakon daɓen bene akan kwantar da su a kan faffaɗar fuskarsu, a bar bakinsu ya wuce bangon ƙasa, sannan a dasa bangon sama a kan bakin. Turowar benen ke nan, wadda ke ƙara ɗan fili a sama, ta kare bangon ƙasa daga ruwa, ta kuma shaida wa mai wucewa cewa mai gidan ba ƙaramin manomi ba ne. Bayan haka a sauke katakon kan bango, sannan na ɗauri.

Rufin gidan Wealden yana da ɗan ginshiƙi da ke tsaye a tsakiyar katakon ɗauri. A kansa wani dogon katako ya kwanta yana bin tsawon gida. Rafta kuwa biyu-biyu suke, an haɗa kawunansu da ƙusar itace, an ɗaure su da ɗan katako a gicciye, wanda shi ne ke zaune a kan dogon. Babu katako a ƙololuwar rufin. Ginshiƙin da ke tsakiyar falo shi kowa ke gani idan ya ɗaga kai, don haka akan yi masa ado, a sassaƙa shi mai kusurwa takwas, da tokara huɗu da suka buɗe daga jikinsa.

Rufi akan yi shi da gangara sosai saboda yawan ruwa. A Kent an fi amfani da tayil na gasasshen yumɓu mai huji biyu, ana rataye shi da ƴan ƙusoshin itace a kan siraran sanduna. Wasu gidajen kuma ciyawa ce, kamar Alfriston Clergy House a Sussex, wanda shi ne gini na farko da ƙungiyar National Trust ta saya, a 1896, kan fam 10.

Cike bango

Tun a filin kafinta an riga an huda jerin ramuka a ƙarƙashin katakon sama na kowane fili, an tsaga doguwar kwari a kan na ƙasa. Yanzu sai a ɗauki tsagaggun sandunan oak, a cusa kai a rami, a tura gindi cikin kwarin har sanda ta tsaya ƙyam. A saƙa tsumagun itacen hazel ko siraran tsagin oak a tsakaninsu, a danna su sosai.

Yaɓen kuwa laka ce da aka cuɗa da yankakkiyar ciyawa, da kashin shanu, wani lokaci da gashin dabba. Mutum biyu ke yaɓawa, ɗaya ciki ɗaya waje, domin lakar ta haɗu ta cikin saƙar ta kama juna. Ba a yin wannan aiki lokacin da ruwa ke daskarewa. In ya bushe zai tsattsage, ya ja da baya daga jikin katako, sai a bi a cike, a shafe da farar ƙasar da aka samu daga toyayyen alli. Sau da yawa har katakon ake shafewa. Baƙin fentin da ake gani a katakon irin waɗannan gidaje yau, akasari yayin ƙarni na 19 ne. Oak da aka bari da kansa toka-toka yake komawa.

Tagogin asali ba su da gilashi. Sanduna ne a tsaye, an juya su kusurwa na kallon waje, da murfin katako da ake turawa cikin kwari. Hayaƙin murhu ta tagogin yake fita, da tsakanin tayil, da ƴar kafar da ke ƙarshen rufi.

Yadda za ka karanta tsohon gida

Da wuya ka samu gidan da ya zauna yadda aka gina shi. Daga ƙarni na 16 mutane suka gaji da hayaƙi, suka shimfiɗa bene a saman falo, suka ware wa hayaƙi lungu, daga baya suka gina bututun jan bulo. Bayleaf ma haka aka same shi, sai da aka sake tayar da shi ne aka mayar da falonsa a buɗe. Wasu gidajen an lulluɓe su da bulo ko tayil har ba a ganin katako daga waje.

In kana son sanin asalin gida, hau cikin rufi da tocila. Idan raftocin tsakiya sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya mai ɓarewa a yatsa, alhali na gefe biyu suna da tsabta, to a da akwai buɗaɗɗen falo da murhu a ƙasa, kuma inda baƙin ya tsaya nan ne iyakar falon. Sai ka nemi ramukan da babu kowa a ciki. Rami mai tsawo da hujin ƙusa a gefensa yana nufin an cire ginshiƙi ko tokara. Jerin ƙananan ramuka zagayayyu yana nuna inda bango yake a da. Ramuka masu kusurwa huɗu a karkace kuma tsohuwar taga ce. Duba lambobin kafinta: in suna bin juna, ƙwarangwal ɗin bai motsa ba, in sun hargitse, an kawo katakon daga wani gini. Shekarar sara kuwa masana ke fitar da ita ta ciro siririn samfur daga katako, su gwada zoben shekarunsa da jadawalin yankin. In samfurin ya kai har inda ɓawo yake, ana iya sanin shekarar daidai.

Kula da gyara

Oak da ke bushe yana iya shekara ɗari biyar ba abin da ya same shi. Laima ce ke kashe shi, kuma daga ƙasa take farawa. Saboda haka duba katakon tushe kafin komai: a tabbata ƙasa ko shuke-shuke ba su taru sun binne dakalin ba, indararo ba ya zubar da ruwa a jikin bango, tayil bai zame ba. Soka bakin wuƙa a inda kake zargi, in ta nutse, ruɓa ta shiga. Akwai ƙwaro mai huda tsohon oak, wanda ake jin ƙwanƙwasarsa a bazara, yana barin huji kamar milimita 3. Katakon da ya jiƙe ya fara ruɓa yake bi, don haka busar da wurin shi ne babban magani.

Kada a cike fili ko tsaga da siminti, kada a shafa fentin roba. Katako na motsi da sauyin yanayi, siminti ba ya motsi, sai ƴar tsaga ta buɗe tsakaninsu, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Laka da farar ƙasa suna shan ruwa su sake shi. Kada a goge katako da injin feshin yashi, don zai tafi da lambobi da kunkunniya da sawun gatari, waɗanda su ne tarihin gidan. Dogayen tsagogin da ke bin jikin katako alamar bushewa ce, yawanci ba su rage masa ƙarfi. Karkacewar da gida ya yi tun ƙarnoni ma ba a tilasta masa miƙewa, sai in an ga tana ƙaruwa.

In gindin ginshiƙi ya ruɓe, a tallafe ginin, a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, a dasa sabon oak da mahaɗar ƙari. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB, wadda William Morris ya kafa a 1877, take koyarwa: a gyara kaɗan-kaɗan a kan lokaci, a bar duk abin da zai iya zama. A Ingila yawancin irin waɗannan gidaje suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, kuma sauya musu fasali ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne. Don haka kafin a kira kafinta, a ɗauki hoton wurin, a zana shi, a rubuta lambar kowane katako da za a taɓa, sannan a nemi izini.